Tankin da Ke Zubar da Ruwa da Kansa

Ni dai tun tasowata ba na iya ganin abu ya lalace in zuba masa ido. Mahaifina mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Bakura, a cikin filaya da sifana na girma, har ranar da aka kai ni ɗakin miji sai da na ɓoye filaya guda a ƙarƙashin tasoshina. Wannan halin nawa shi ya ja na yi sati biyu cur ina faɗa da surukina a kan tankin ban-ɗaki, ba tare da ɗayanmu ya ce wa ɗaya uffan ba.

Lokacin an gama dam ɗin Bakolori, ruwa ya taru ya cika. Maigidana yana cikin masu buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a kan manyan magudanan da suka nufi wajen Bakura, saboda haka aka ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata a Talata Mafara. Ɗaki biyu ne da falo da kicin, sai ban-ɗaki a cikin gida, irin na zamani. Bango ɗaya ya raba shi da kicin, kuma a saman bangon an bar 'yan ramukan shan iska. Tankin na tangaran ne, a manne da bango daidai ƙirjin mutum, da murfi mai nauyi. In ka danna hannunsa ruwa ya sauko da wata irin ƙara, sannan ya daɗe yana shuuu yana cika, har maƙwabta sun san an shiga. Ni kuwa a lokacin ƙarar nan daɗi take mini, ba zan ɓoye ba. Duk wadda ta zo mini daga gida sai na ja hannunta na kai ta, na danna mata ta gani.

Ana nan sai aka kawo Baba, mahaifin maigida. Ƙauyensu a ƙasar Maradun yake, yana cikin waɗanda ruwan dam ya shanye, gidaje da fadama da komai. An mayar da su wani tudu mai tsakuwa, nesa da asibiti, nesa da ruwan kirki. A can ciwon mara ya kama shi, fitsari na yi masa wuya. Likita ya ce allura ce kullum da safe har sati shida, kuma ya ci abinci, ya sha ruwa da yawa, in ko aka yanke allurar a tsakiya ciwon zai hau ƙoda. Maigida yana fita bayan ya dawo da shi daga asibiti, ba ya shigowa sai magariba. Ke nan ci da shan Baba a wuyana suke.

Wanda ya san gidajenmu ya san yadda ake zama da suruki. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarsa, kaina a ƙasa, in gaishe shi, in tambayi kwanan jiki, ya amsa yana kallon bango. In na ajiye kwano sai ya ce, a gode wa masu gida, kamar akwai wasu mutane a ɗakin ban da ni. Maigida ma ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa, ba ya doguwar magana da shi. Gida ne na mutum uku, amma in ba rediyo aka kunna ba sai ka rantse babu kowa. Duk da haka kwanakin farko yana cin tuwonsa tas, yana shan fura, har na fara jin kaina.

Kwana huɗu da zuwansa tanki ya fara iskanci. Na danna hannu, sai wani ɗan ruwa ya sulalo kamar daga bakin buta, bai tafi da komai ba. Na ɗage murfi. Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, abin da ke ciki ba wani abin tsoro ba ne. Bakin famfo ne a gefe guda, da wani siririn ƙarfe mai tsawo, a ƙarshensa ƙwallon tagulla yana yawo a kan ruwa. Ruwa na hawa ƙwallo na hawa, har ya kai inda ƙarfen zai toshe bakin famfon. A jikin tankin daga ciki akwai layi, inda ya kamata ruwa ya tsaya. Ran nan ruwan yana ƙasa da layin da kusan taƙi guda, famfon kuma ya yi shiru abinsa, wai shi ya gama aiki.

Na bi abin daki-daki yadda na ga mahaifina yana yi. Na duba makullin ruwa na ƙasa, a buɗe yake. Na shafa ƙarƙashin tankin da bayan bututu, babu yoyo. Na danna ƙwallon ƙasa da yatsa, ruwa ya feso da ƙarfinsa, ashe ba toshewa ba ce, ba kuma ɗauke ruwa aka yi ba. Sai da na sunkuya na hangi ƙarfen ta gefe na ga ya lanƙwashe ƙasa, shi ya sa ƙwallon ke rufe famfo tun ruwa bai kai ko'ina ba. Na ɗauko filayata, na naɗe bakinta da tsumma don kada ta ci ƙarfen, na riƙe wajen famfon da hannu ɗaya, na ɗaga shi sama kaɗan-kaɗan. In danna, in jira, in duba, in ƙara, har ruwa ya zauna daidai kan layi. Na danna na ƙarshe, ƙara ta cika gida, na koma kicin ina waƙa.

Washegari da hantsi ruwa ya koma inda yake. Na sake gyarawa. Jibi ma haka. Na tare maigida da maganar yana wanke hannu, na ce ko shi ne yake dafa ƙarfen in ya shiga. Ya yi dariya ya ce shi da yake yini yana murɗa ƙofar ruwa mai girman ɗaki, ina ya ga lokacin wasa da ƙwallo. Ya turo mai gyaran famfo daga wajen aikinsu. Mutumin ya zo da jakarsa niƙi-niƙi, ya yi daidai abin da nake yi, bai ƙara ko ƙwayar zarra ba, sannan ya juyo yana yi mini wa'azi wai in hana yara taɓawa. Yaran wa? Ko ɓari ban taɓa yi ba a lokacin. Na raka shi ƙofa da kyar ina danne bakina.

Abin da ya fi tankin damuna shi ne kwanon Baba. Tuwo ya fara dawowa an ɗan gutsiri gefe. Furar da yake so sai ta yini a rufe har ta yi tsami. Jug ɗin ruwan da nake ajiye masa da safe, da yamma in ɗauke shi yadda na kawo shi. Na ce girkina ne. Na sauya miya, yau kuka, gobe kuɓewa, jibi yakuwa, na nemo man shanu mai kyau wurin matan Fulani, duk a banza. Na shiga kicin na yi kukana na share. Ga shi kuma ya tsiri wata fita, da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki buta ya bi bayan kwatas, ya yi nisa har ya ɓace, ya dawo yana haki yana dafa bango. Ni a wautata na ɗauka motsa jiki yake yi. Mai yi masa allura ta gaya wa maigida cewa tsohon nan bushewa yake yi, in ba a tashi tsaye ba allurar ma ba za ta yi masa amfani ba.

Ran wata Litinin na shiga maƙwabta aron rariya, ban daɗe ba na dawo. Ina sa ƙafa a falo na ji ƙwal, ƙarar murfin tangaran an mayar da shi a hankali. Na tsaya cak. Baba ya fito daga ban-ɗaki yana goge hannu a gefen riga, ya shige ɗakinsa bai gan ni ba. Na bari ya rufe ƙofa, na shiga na ɗage murfin. Ƙarfe ya lanƙwashe, ga shatin babban yatsa ja wur na goro a bakin tankin.

Wallahi raina ya ɓaci. Sati biyu ina fama, ina zargin mijina, ina shan wa'azin mai famfo, ina ɗibar ruwa a bokiti ina wanke abin da bai tafi ba, ashe tsohon da nake durƙusa wa ne ke bi yana kwance mini aiki. Zuciyata ta kawo mini abubuwa marasa kyau. Na ce so yake a ce matar ɗansa ƙazama ce. Na ce haushin dam ne yake hucewa a kan tankina, to ni na tare masa kogi? Tukwane ne suka sha wahala a hannuna ran nan. Da magariba maigida ya shigo kicin fuskarsa a dame, ya ce Baba ya ce gobe in an tashi kasuwa zai bi Gwaggo ya koma gida. Saura sati uku da 'yan kwanaki a gama allura. Na ce ya hana shi mana. Ya dube ni kawai, don ni ma na san ba zai iya buɗe baki ya musa wa Baba ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tana aure a Tsibiri, duk Talata takan kawo daddawa kasuwa ta biyo ta gidanmu ta sha ruwa. Mace ce mai baki, ba ta ɓoye-ɓoye, ita kaɗai ce a danginsu nake iya sakewa da ita. Tana ajiye ƙwaryarta na ja ta kicin na zazzage mata komai, har da shatin goron. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, can kuma sai ta daina. Ta tashi ta shiga wurin yayanta, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta dawo kicin, ta zauna a kan kujerata ta tsugunno, ta jingina bayanta da bangon nan, ta ce in je in gyara tankin in danna. Na je na gyara, na danna, na dawo. Ƙarar tana fitowa ta ramukan saman bango kamar a cikin kicin ɗin aka zubar da ruwan.

Ta ce, "Kin ji? Ke ɗiyar ga, hankalinki duk yana wurin ƙarfe. A gida in namiji za shi kewayawa, wa ka sani? Shi ɗauki buta shi bi bayan danga, ko matatai ba ta nuna ta gani ba. Nan kuwa kina zaune kina tuƙa mishi tuwo, bango guda tsakaninku, abin ga shi yi ta shela."

Ta ce tun kwana na biyu Baba ya gane a nan nake yini. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ban-ruwa a fadama, leƙawa ɗaya ya yi ya fahimci aikin ƙwallon. Ya lanƙwasa ƙarfen don ruwan ya ragu, ƙarar ta ragu. Da ruwa ya ragu kuma sai ya daina tafiya da komai, ya ga ni ce ke shiga ina wankewa, abin ya fi na farko muni. Sai ya ga babu abin da ya rage masa illa ya daina ci, ya daina sha, don ya daina shiga. Ni kuma kullum ina bi da filaya ina mayar masa da shelar.

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Kin san abin da yac ce mini? Yac ce, ruwan ga ya ci gonata, ya ci kushewar uwayena, ban ce komi ba. Yanzu kuma ya biyo ni har cikin ɗaki shina tona mini asiri gaban ɗiyar mutane."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna yadda nake danna hannun nan ina komawa kicin da waƙa, shi kuwa yana ɗaki yana ji. Na roƙi Gwaggo ta riƙe mini shi sati ɗaya tak. Ta shiga ta ce masa motar yau ta cika da buhuna, babu inda marar lafiya zai zauna, sai Talata mai zuwa. Kafin ta wuce na ce ta biya wurin masunta a kasuwa ta samo mini zaren fatsa, irin siririn nan da ido ba ya saurin gani. Ta tambaye ni kifi zan kama a ban-ɗakin, na ce ta dai kawo. Kafin motarsu ta tashi ta aiko mini da shi.

Na yi tunanin a haƙa masa masai a bayan gida, amma gidan ba namu ba ne, ba a yarda a haƙa ko ramin shuka ba. Na yi tunanin in riƙa barin gidan, to in tafi ina, kuma sau nawa a yini, mutumin da aka ce ya yi ta shan ruwa? Barin ruwan a ƙasa kuwa ba gyara ba ne, shi ya kawo mu inda muke. Dole ruwa ya kai layi, in ya kai layi kuma dole ya yi ƙara. Abin da ya rage shi ne ƙarar ta daina nufin an shiga.

Ran Laraba da safe, maigida na fita da Baba zuwa allura, na shiga aiki. Na daidaita ƙwallon har ruwa ya zauna kan layi. Na yanko guntun tiyon roba na cusa a bakin famfon, na sauke shi har gindin tankin, don ruwa ya riƙa shiga ta ƙasa ba tare da dogon shuuu ɗin nan ba. Sannan na ɗaura zaren fatsa a ƙarfen ciki, wanda hannun tankin ke ɗagawa in an danna, na fito da shi ta bayan murfi, na bi da shi jikin bututu zuwa sama, na zura ta ramin shan iska, ya sauko cikin kicin bayan kwandon albasa. Na fizga na gwada. Sau biyu yana zamewa, a na uku ruwa ya sauko.

Da suka dawo, Baba ya zauna a falo yana hutawa, maigida yana neman hularsa zai wuce aiki. Na bar ƙofar ban-ɗakin a wangale, yadda duk wanda ke falo yana ganin babu kowa a ciki. Na shiga kicin, na yi bisimilla, na fizgi zare. Ƙara ta tashi. Na fito da muciya a hannu ina ɓata rai, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gaban Baba ba.

Na ce, "Maigida, ka dai ji da kunnenka. Tankin nan ya lalace gaba ɗaya, da kansa yake zubar da ruwa. Tun safe sau uku ke nan, ni har na daina jin sa."

Bawan Allah ya tsaya da hula a hannu yana kallon ƙofar, ya ce bari ya sake turo mai famfo. Na ce kada ya wahalar da kansa, irin wannan sai an kawo kayansa daga Sakkwato. Allah Ya yafe mini ƙaryar nan. Baba bai ɗaga kai ba, yana ta jan carbinsa. Da yamma na nuna wa maigida zaren, na gaya masa abin da Gwaggo ta ce. Idonsa ya kaɗa, ya fita ya zauna a waje.

Daga ran nan na zama mai gadin zare. Ina yankan kuɓewa in fizga, ina wanke-wanke in fizga, wani lokaci a jere, wani lokaci in bar shi ya daɗe, don kada a gane yana da lokaci. Na fi yi in Baba yana falo yana ganin ƙofar. Maƙwabciyata har ta leƙo ta ce ko gudawa ta shigo mana gida, na ce mata tanki ne ya haukace. Ɓarnar ruwan tana ci mini rai, ni da na tashi ina ganin ana jan guga, amma na daure.

Ran farko babu abin da ya sauya. Rana ta biyu na tarar an sha rabin fura. Rana ta uku jug ya dawo babu ko ɗigo, na cika na mayar, ya sake dawowa wayam. Da la'asar ɗin ran nan ina tsaka da tuƙin tuwo, hannuna biyu a kan muciya, sai na ji ruwa ya sauko da ƙararsa. Na dubi zaren, yana nan a rataye bayan kwandon albasa, ban taɓa shi ba. Na ci gaba da tuƙina hawaye na zuba, ban ko tsaya sharewa ba don kada tuwon ya yi gudaji.

Talata ta zagayo, Gwaggo ta zo ta ce wa yayanta yau kam akwai wuri a mota. Ya ce mata saurin me take yi, ba ta ga allura ba ta ƙare ba? Ta fito tana ƙunshe dariya, ta mintsine ni a cinya. Ya daina fitar asuba. Kumatunsa suka ciko, har ya fara zama a ƙofar gida da yamma yana gaisawa da masu dawowa daga gonakin rani. Ya cika sati shidansa, likita ya sallame shi.

Ranar da zai tafi na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, na yi masa Allah Ya kiyaye hanya, Allah Ya ƙara sauƙi. Na saba ya amsa wa bango ya wuce. Sai na ga takalmansa sun tsaya a gabana.

Ya ce, "Ɗiyata."

Tunda aka kawo ni gidansu bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Na amsa, kaina a ƙasa.

Ya ce, "A kwance zaren ga hakanan, ruwa shi huta. Ƙullin naki ma bai yi ba, tun ran farko ya so zamewa, sai da na sake shi. Allah shi rufa miki asiri duniya da lahira."

Ya wuce, maigida na biye da shi da jaka. Sai da suka fita na ce amin. Ina jin tashin babur na miƙe na shiga ban-ɗaki na ɗage murfin. Ruwa yana daidai kan layi. Ƙullin da ke jikin ƙarfen kuwa ba nawa ba ne, irin wanda ake yi wa igiyar guga ne, an ja shi tam an datse bakin zaren da haƙori.

Na yanke zaren daga sama na naɗe shi, amma ƙullin ban kwance ba. Baba ya yi shekara huɗu bayan nan kafin Allah Ya karɓi abinsa. Har muka bar gidan nan, duk sanda ruwa ya yi ƙasa na ɗage murfi zan ɗaga ƙwallo, ƙullin yana nan a jikin ƙarfen.